Rasuwar Waifar Hagu ta Ramose Ratsimba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ba a gani a fuskarsa ba ko ranar da aka binne yayansa, Ramose Ratsimba, direban tasi a tashar da ke gindin matakalar Ambohijatovo cikin Antananarivo, babban birnin wannan ƙasa tamu ta tsibiri, yana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a da tsofaffin fasinjoji rasuwar waifar hagu ta motarsa, wadda ta ƙarar da rayuwarta tana share masa ruwa daga gilashin gaba. Rai ya yi halinsa ranar Alhamis da hantsi, a filin duba lafiyar motoci, a gaban shaidu fiye da arba'in, bayan jinyar da ta ci damina biyu. Ta bar duniya tana da shekara hamsin da shida. Tare da ita aka rufe aikin tuƙin mai makoki, kamar yadda bayani zai zo.

Marigayiya ta iso tsibirin nan ne a jirgin ruwa, a goshin wata ƙaramar mota Katirel mai launin madara, wadda mahaifin Ramose ya saya daga hannun wani Bature malamin asibiti da zai koma gida. Da tsohon ya kwanta dama, yayan Ramose ya ɗauki fadamar shinkafa, mata suka raba shanu, shi kuwa ya ce a bar masa motar. Shekara arba'in da huɗu ke nan yana kallon birnin nan ta ɗan filin da take share masa, wanda bai fi faɗin faifai ba. A wasu ƙasashe irinta ba ta wuce shekara guda ake zare ta a jefa a kwandon shara, ba wanda ke cire hula. Ita an sauya mata roba ba adadi, wani lokaci ma tsohon tif na taya aka yanka da reza, amma ƙarfen shi ne dai na ranar farko.

Halinta na kirki ba ɓoyayye ba ne. A motar da ake shayarwa fetur da gorar roba, rabin lita rabin lita, marigayiya ba ta taɓa neman ko ɗigo ba. Ta ji asirin 'yan kasuwa, ta ji na masu zuwa inda ba su gaya wa matansu ba, ba ta kai wa kowa ba. Idan hadarin Disamba ya tsinke da azahar, ruwa ya gangaro daga tudun birni ɗauke da ɓawon ayaba da takalman mutane, ba a roƙonta sau biyu: shuu-tak, shuu-tak, shuu-tak. Da girma ya kama ta sai muryar ta sauya, ta koma ƙiii… tak, ƙiii… tak, tana ɗan tsayawa a tsakiyar gilashi kamar tsohuwa a tsakiyar matakala. Fasinjoji na toshe kunne. Ramose ya ce bai taɓa jin waƙar coci da ta kai wannan daɗi ba.

Yakan ba da labarin ranar da aka haifi 'yarsa Fanja, ranar da guguwa ta kwashe rufin rabin unguwa, ya ɗauki matarsa tana naƙuda ya ratsa ruwa har asibiti. Ƙarshen labarin ba ya sauyawa. Sai ya girgiza kai ya ce, “Ranar nan waifar nan ta sha wahala.”

Kowa ya san waifar da aka bari a jikin mota a garin nan ba ta ganin gobe. Sauran direbobi robar kawai suke zarewa su jefa a aljihun mota. Ramose ɗungurungum yake cire ta, har ƙarfen, daga kan ɗan turken da take zaune a kai. Zai shiga cin shinkafa, ya cire. Zai kewaya, ya cire. Ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya soke a cikin kwat, ɓangaren zuciya. A gida tana da aljihun tebur nata ita kaɗai, da kafur a ciki. Abokiyar zamanta ta dama kuwa 'yar gwanjo ce da aka sayo a kasuwar Isotry, a waje take kwana, kuma har yau ko ɓarawo bai tanka mata ba.

Matarsa, Ramatoa Bakoly, ta taɓa magana a kan haka sau ɗaya, tana tsintar shinkafa.

“Baban Fanja, shekarata arba'in da ɗaya a gidan nan, ba a taɓa naɗe ni a ƙyalle ba.”

“Ke wa zai sace ki?” in ji shi.

Ba ta sake ɗaga zancen ba.

Mai makoki na son a ambata cewa marigayiya ba ta taɓa hawa motar wani ba. Waɗanda suka san tashar za su gane girman wannan magana. Motoci goma sha huɗu ne a wurin, amma in za a faɗi gaskiya mota ɗaya ce mai lafiya, an rarraba ta a jikinsu. Wannan na da tayoyi masu zane, wancan madubi, wani tukunyar kashe gobara, wani fitilun da ke kamawa duka biyu. Duk wanda ranar duba motarsa ta zo sai a haɗa masa, ya je ya ci jarrabawa, ya dawo kafin la'asar a kwance, kowa ya karɓi nasa. Ramose ya sha zuwa da tayoyin mutane. Waifarsa kuwa, wadda ta fi ta kowa ƙyalli, bai taɓa bayarwa ba.

Shekara huɗu da suka wuce, Naivo, wani direban tashar da Ramose ya girme shi da shekara goma sha biyar, ya zo roƙo. Ya cire hula, ya yi doguwar shimfiɗa yadda ake yi wa babba, sannan ya faɗi buƙata.

“Yaya, aron wuni ɗaya ne. Kafin ka gama cin abincin rana na dawo da ita.”

Ramose ya dube shi daga sama har ƙasa. “Naivo, ka taɓa jin an ba da aron mata?”

'Yan tasha suka kwashe da dariya. Naivo ya mayar da hularsa. Ya je duba da waifa ɗaya, ya faɗi, motarsa ta yi wata biyu a ajiye.

Abin da ya sa wannan rashi ya zama biyu kuwa, a bakin kabarin kakanni aka ƙulla shi, a ƙauyensu da ke bayan Ambatolampy, a Satumbar bara, lokacin bikin sabunta wa magabata likkafani. An fito da tsofaffi, an naɗe su a sabon siliki, an yi rawa da su a kafaɗa, an ci shinkafa mai maiƙo, an sha abin da ake sha. Makonni kaɗan kafin nan Ramose ya gogi wani amalanken gawayi da gefen mota. Sai Fanja ta ga dama ta samu, ta durƙusa a gabansa, mijinta Tojo na tsaye a bayanta.

“Baba, shekara saba'in ba wasa ba ce. Ka huta haka nan. Ga ɗaki a ƙauye, ga iska mai kyau. Motar kuma Tojo zai riƙe ta, masu biki na neman irinta don ɗaukar amarya.”

“Ɗaukar amarya,” in ji Ramose. “A rataya mata furanni kamar saniyar biki.” Ya miƙe, kofi a hannu, ya juya ya fuskanci ƙofar kabarin, inda mahaifinsa ke kwance cikin sabon likkafani. “Ku ji, ku da ke ciki da ku da ke waje. Motar nan ba ta taɓa faɗuwa a wajen duba ba. Ranar da ta faɗi, ko sau ɗaya ne, ku karɓi makulli, ni kuma in dawo nan in yi kiwon agwagi.”

Aka yi tafi. Tojo ya fi kowa tafi. Magana zarar bunu ce a ko'ina, balle wadda aka faɗa kakanni na waje suna ji.

Da gari ya waye, kai ya sauka, Ramose ya zagaya ƙauyen ya ƙare masa kallo. Ya ga tsofaffin da suka riga shi dawowa daga birni, jere a gindin katanga, kowa lulluɓe da bargo, suna bin rana daga wannan bango zuwa wancan. Ɗaya daga cikinsu ya matsa ya ba shi wuri. Bai zauna ba. Tun daga ranar Tojo ke zuwa gida duk ƙarshen wata gaishe da surukai, ya fara da zagaya motar sau biyu kafin ya yi sallama.

Da ruwan farko na daminar ya sauka, ciwo ya bayyana. Turke na juyawa, marigayiya na tsaye. Wani lokaci ta tafi ba ta dawo ba, ta maƙale a gefen gilashi tana nuna sama. Aka kai ta wurin Bema makanike, wanda garejinsa gindin wani bango ne a bayan kasuwa. Ya ɗaga ta a rana, ya leƙa gindinta, ya hura.

“Ramose, haƙoranta sun cinye. Na turken ma haka. Wa ke cire ta?”

“Ni. Saboda ɓarayi.”

“Sau nawa a wuni?”

“Bai fi goma ba.”

“Shekara nawa?”

Ramose ya fara ƙirga da yatsu.

“Ai gara ɓarawon,” in ji Bema. “Shi sau ɗaya zai cire.”

Aka shiga magani. An yanka gwangwanin madara an cusa mata a gindi, ta yi wata uku, har ta ci jarrabawa guda da shi. An ɗaure da waya. An zuba gam. Rani ya zo ya rufa asiri. Duk wannan jinyar Ramose bai daina cire ta ba, domin a ganinsa marar lafiya ta fi buƙatar kwanan ɗaki. Da daminar bana ta kankama, saura mako huɗu a koma duba, Bema ya ce babu sauran dabara sai walda, a liƙe ta da turken har abada.

“Ke nan a waje za ta riƙa kwana?” in ji Ramose.

“Ko ita ta kwana a waje, ko kai ka kwana a ƙauye. Zaɓi ɗaya, Baba, ina da aiki.”

Aka yi walda. Ta kama, ta kama sosai. Sai dai zafin wutar ya bi turke ya gangara ciki, ya narkar da haƙoran ɗan injin da ke juya waifofin duka biyu. Da aka murɗa makunni sai aka ji uuuun, warin ƙonanniyar roba ya tashi, ba abin da ya motsa. Bema ya ce aikin walda dai ya yi kyau.

Irin wannan ɗan injin ya ƙare a shaguna tun kafin a haifi Bema. Guda ɗaya aka sani a duk unguwar, yana cikin wata matacciyar Katirel da kaji ke ƙwai a ciki, a tsakar gidan Naivo.

Kwana uku Ramose na juya abin a ransa. Ranar Lahadi bayan coci ya gyara kwat, ya je. Ya cire hula. Ya fara shimfiɗa da ban-haƙuri, ya ambaci zumunci, ya ambaci shinkafa da ruwa da ba sa rabuwa a gona, ba sa rabuwa a tukunya. Naivo ya bar shi ya kai ƙarshe, har ya ƙara masa ruwan ƙanzo a kofi.

“Yaya, maganarka ta yi daɗi. Da a wurin neman aure ka yi ta, da an ba ka yarinyar har da ƙanwarta. Amma kai ka koya mini ba a aron mata.”

“Haba Naivo, wasa ne fa.”

“Na sani. Ni ma na yi dariya, wata biyu ina yi.” Ya tashi ya buɗe masa ƙofa. “Kana da mata a gida, lafiyarta ƙalau, hannu biyu. Sa ta ta share maka.”

Zagi ne. Ramose ya ɗauke shi shawara.

Bema ya kwance mataccen injin, ya nuna masa wani ƙarfe a ƙarƙashin gaban mota, daidai gwiwar mai zama a kujerar gaba, wanda in an tura an ja, waifofin su tafi su dawo. Ba a tambayi Ramatoa Bakoly ba, an dai gaya mata ƙarfe nawa za a fita. Mako uku tana zaune a kujerar gaba, da zarar ruwa ya sauko ta sunkuya, ta cusa hannu, ta tura, ta ja. Fasinjoji na tambaya ko Inna ba ta jin daɗi ne. Ramose ya ce addu'a take yi. In ta yi sanyi ya ce, “Da sauri mana, ba na gani.” In ta yi sauri ya ce, “A hankali, za ki ji mata ciwo.” Ranar da ta ce kafaɗarta ta riƙe, ya tsaya a shago ya sayo mai, ya ɗiga wa ƙarfen.

Ranar Alhamis ta zo. 'Yan tasha suka haɗa masa tayoyi da madubi kamar kullum, don su ba su iya rowa ba. Aka tura kujerar gaba baya iyakarta, Bakoly ta duƙunƙune a wurin ajiye ƙafa, mace 'yar shekara sittin da uku, gwiwa a haɓa. Aka rufa mata bargo, aka ɗora kwandon ganyen miya a kai. Yarjejeniyar mai sauƙi ce: tari ɗaya ta fara, tari biyu ta tsaya. Layin ya yi tsawo. Daga ƙarfe bakwai har goma da rabi tana ƙarƙashin bargo. Naivo ma ranar duba motarsa ce, ya aro kaya a wata tasha, yana baya da mota uku.

Jami'in duba, wani dogo mai biro a bayan kunne, ya gwada burki, ya gwada fitilu, ya gwada hon. Duk lafiya. Ya ce a matsa gaba a tsaya. Ramose ya matsa, ya tsaya, sai hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara arba'in da huɗu a duk inda mota ta tsaya: ya kashe inji don kada fetur ya ƙone a banza, ya zare makulli, ya rataya a yatsa. Babu direban tasi a birnin nan da ke sanin lokacin da yake yin haka.

“Waifa,” in ji jami'in.

Ramose ya murɗa makunni, ya yi tari ɗaya. Marigayiya ta tashi. Babu ƙiii, babu hutu a tsakiya. Shuu-tak, shuu-tak, kamar tana 'yar shekara goma. Jami'in ya zaro biro ya ɗora a takarda. Sai idonsa ya sauka a kan hannun Ramose da ke bakin taga, makulli na lilo a yatsa. Ya dubi makulli, ya dubi gilashi, ya dubi kwandon ganye, wanda ke ɗagawa yana sauka. Ya mayar da biro bayan kunne.

“Ramose, motarka a kashe take?”

Ramose ya dubi yatsansa. “Haka aka ƙera ta,” ya ce. “Ta da ce. Ku yaran yanzu ba ku san su ba.”

“Katirel talatin nake dubawa a wuni, Baba, ban taɓa ganin mai aiki da ikon kakanni ba.” Ya juya ya ƙwala wa abokan aikinsa kira. “Ku zo ku ga abin al'ajabi! Ku taho da bokiti!”

Aka taru. Aka watsa ruwa a gilashi, ta share. Aka ƙara, ta share.

“Tana da gudu na biyu?” in ji jami'in.

A nan mai makoki na da zaɓi, kuma iyali sun ga ya dace a rubuta shi yadda ya faru. Tari biyu kawai zai yi, ya ba da haƙuri, matarsa ta fito. Ya san an gane, kowa ya san ya sani. Amma muddin waifa na motsi ba a rubuta komai a takarda ba, muddin ba a rubuta ba kuwa makulli na hannunsa. Sai ya miƙa ƙafar dama ya zunguri bargon, ya ce ƙasa-ƙasa, “Ƙara.”

Ta ƙara. Shu-tak-shu-tak-shu-tak. Masu kallo suka fara tafi suna bin kiɗan. Naivo ya bar motarsa ya matso gaba.

“Yaya, wannan injin a ina ka samo shi? Fetur yake sha ko shinkafa yake ci?”

Wanda ya duba agogo ya ce minti goma sha ɗaya aka yi. A bokiti na bakwai waldar Bema ta saki. Marigayiya ta tafi hagu ba ta dawo ba. Ta yi sama, ta yi ƙyalli sau ɗaya a rana, ta bugi siminti. Maganarta ta ƙarshe ita ce ƙwal. Sannan ta gangara cikin ramin da ake shiga duba ƙarƙashin mota, inda baƙin mai ya kai idon sawu.

Ramose ya ɓalle ƙofa ya fita, ya sauka ramin da takalminsa na coci. Bai yi tari ba. Waifar dama ta ci gaba da kai-komo, ita da guntun turke, domin babu wanda ya gaya wa wadda ke ƙarƙashin bargo cewa an gama. Dariya ta fara mutuwa. Jami'in ne da kansa ya zagaya, ya buɗe ƙofa, ya sauke kwandon, ya ɗaga bargon.

“Inna, ya isa haka. Sannu da aiki.”

Sai da mutum biyu suka kama ta sannan ta fito. Ta daɗe ba ta miƙe ba, tana dafe da kafaɗar dama. Ta nemi mijinta da ido, ta same shi a cikin rami, a durƙushe, yana goge marigayiya da farin ƙyalle, yana kiran Bema da sunayen da ba za a sa a sanarwa ba. Bai ɗago ba. Ta gyara mayafinta da hannun hagu.

“Ɗana, motar ta faɗi?”

Jami'in ya sosa ƙeya. “Inna, ban rubuta komai ba tukuna. In ya gyara ya dawo nan da mako biyu, ni ban ga komai ba, ban ji komai ba.”

“Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Ta faɗi?”

“Ta faɗi.”

“To rubuta. Da manyan baƙaƙe, yadda 'yata za ta karanta ba tabarau. Ka buga hatimi.”

Ya rubuta, ya buga. Ta linke takardar ta soke a ƙirji, ta ɗauki kwandon ganyenta, ta fita bakin titi ta hau bas. Kafin Ramose ya iso gida takarda ta isa hannun Fanja. Tojo ya zo karɓar makulli da la'asar, sanye da baƙaƙen kaya don girmamawa.

Marigayiya ta rasu ta bar abokiyar zamanta ta dama, wadda ba ta nuna alamar damuwa ba, da guntun turke mai tabon walda, da wani zane mai kama da bakan gizo da ta yi wa gilashi cikin shekarunta na ƙarshe, wanda Tojo ya ce furanni za su rufe shi. Ta bar aljihun tebur mai warin kafur, Ramatoa Bakoly ta riga ta zuba zare da allura a ciki. Ta bar Bema, wanda har yanzu ke cewa walda ba ta da laifi, hannun da ya ja ne ya cika ƙarfi. Ta kuma bar mai makoki, wanda tun ranar bai ci abin kirki ba, yana zaune bakin taga, in ruwa ya sauko sai a ga kansa na tafiya hagu da dama.

Ramose ya nemi dattawan dangi su ba shi ɗan gurbi a kabarin kakanni, kusa da mahaifinsa, tunda tare suka yi aiki. Dattawa suka ce gurbin da ya rage nasa ne shi kansa, in yana so ya ba ta, sai ya nemi inda zai kwanta. Bai sake zancen ba. Ya nemi likkafanin siliki, aka ba shi tsohuwar safa.

Saboda haka an tsara jana'iza kamar haka. Za a yi zaman makoki ranar Juma'a mai zuwa a gidan mai makoki da ke Andravoahangy. 'Yan tasha za su zo a ƙungiya, Naivo ne zai yi jawabin ta'aziyya a madadinsu, ya ce ya shirya mai tsawo. Ana roƙon masu mura su yi tarinsu a waje.

Ranar Asabar da safe za a tafi da gawa ƙauye, a binne ta a gindin gwaiba, bayan ɗakin da aka share wa Ramose, kusa da kejin agwagi goma sha biyu da Fanja ta riga ta saya. Motar ba za ta samu halarta ba. An ɗauke ta aikin biki a ranar, da sabon turke, da ɗan injin da Naivo ya ba Tojo kyauta. Mai makoki zai tafi a motar haya, kujerar baya, gawa a aljihun kwat. Ramatoa Bakoly ba za ta yi rakiya ba. Likita ya ce kafaɗar na buƙatar hutun wata uku, ita ta ce shekara uku ta ji ya faɗa, kuma a gidan 'yarta za ta yi su.

Masu niyyar zuwa ta'aziyya su yi sammako, su kuma riƙo lema. Ruwa na saukowa da azahar, gidan kuwa yanzu babu mai mayar da kowa.